Yadda Za Ka Zaɓi Akwatin Kwamfuta Na Kwance Idan Da Kanka Za Ka Haɗa

Galibin masu haɗa kwamfuta da hannunsu a yau akwati na tsaye suke saye, don shi ne ya cika kasuwa. Amma kwamfutar tebur da kwanciya ta fara. IBM PC ta 1981 a kwance take, ana ɗora mata monita a kai, kuma haka ofisoshi suka yi shekaru suna aiki kafin dogayen akwatuna su karɓe fage. Har gobe kuwa akwai masu buƙatar na kwancen: wanda zai saka kwamfuta a kantar talabijin ta falo, mai shagon buga takardu da ba shi da fili a ƙarƙashin tebur, wanda ba ya son ajiye na'urarsa a ƙasa inda tsintsiya da ƙura da ƙafafun yara suke, da wanda kawai yake son monitarsa ta ɗago zuwa saitin ido.

Kayan ciki ma suna jin daɗin kwanciyar. Madabod, wato babban allon da ake jona sauran kayan a jikinsa, a shimfiɗe yake, nauyin masanyayin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) a kansa yake sauka kai tsaye, ba ya rataye a gefe. Katin hoto mai nauyi, wato wanda ke sarrafa hoton da ke fitowa a monita, yana tsaye a raminsa, ba ya rinjaya ƙasa yadda yake yi a akwati na tsaye bayan 'yan shekaru. Sai dai abin da ka samu a nan za ka biya shi a tsayi. Kusan duk wata matsala da mai akwati na kwance ke cin karo da ita, daga tazarar da ke tsakanin madabod da murfi take tasowa. Tazarar nan ce za ta yanke maka irin masanyayin da zai shiga, da irin katin hoto, da irin fawa-fak (na'urar da ke ba kayan ciki wuta), da girman fankokin da za su fitar maka da zafi.

Ka fara da wurin da zai zauna

Kafin ka buɗe wani shafi na masu sayarwa, ɗauko tef ka auna wurin: faɗi, tsayi daga ƙasa zuwa sama, da zurfi daga gaba zuwa bango. Ka rubuta da milimita, don da ita kamfanoni ke rubuta girman kayansu.

Yawancin akwatunan da aka yi don falo faɗinsu yana kusan milimita 430 zuwa 440, daidai da na'urorin sauti da ake jerawa a ƙarƙashin talabijin. Faɗin ba kasafai yake ba da wahala ba. Zurfin ne ke yaudarar mutane. Akwatin da aka rubuta zurfinsa milimita 358 ba zai zauna a kanta mai zurfin 360 ba, saboda a bayansa wayar wuta da ta HDMI da ta intanet za su fito, kowace da kanta mai tauri. Ka ƙara aƙalla santimita 8 zuwa 10 a lissafinka don su. Haka ma gefe da gefe: duk inda akwatin yake da huji na shan iska, ka bar masa santimita 5 ko fiye.

Idan kabad ɗin mai ƙofar gilashi ne kuma bayansa a rufe yake, to ka sani cewa iskar da kwamfutar ta fitar ita za ta sake shaƙa. Ko dai kafinta ya yanke maka katakon bayan, ko ka saba barin ƙofar a buɗe duk lokacin da take aiki. Babu akwatin da zai gyara maka wannan, komai tsadarsa.

Wanda zai ɗora monita a kai kuma, ya duba abu biyu: kada murfin ya zama yana da hujin iska a daidai inda gindin monitar zai zauna, kuma ya zama ƙarfen yana da kaurin da ba zai lotsa ba.

Siriri ko mai cikakken tsayi

A nan ne babban zaɓin yake, kuma aikin da kwamfutar za ta yi shi ne zai raba gardama.

Akwatunan kwance galibi kashi biyu ne. Akwai sirara, waɗanda tsayinsu yake kusan milimita 80 zuwa 105. Akwai kuma masu cikakken tsayi, kusan milimita 150 zuwa 175. Misalin siriri shi ne SilverStone ML03, mai faɗin 440, tsayi 105, zurfi 340. Misalin mai cikakken tsayi shi ne GD09 na kamfanin, mai faɗin 440, tsayi 170, zurfi 358. A ido bambancin santimita 6 da rabi ne kawai. A ciki kuwa, na farkon ba ya karɓar masanyayin da ya wuce milimita 70, kuma gajeren katin hoto kaɗai yake ɗauka. Na biyun yana karɓar masanyayi har milimita 138 da cikakken kati.

Idan aikinka rubutu ne da lissafi da buga takardu da kallon bidiyo, furosesa mai wat 65 wadda take da sashen hoto a cikinta, irin su Ryzen 5 5600G ko Core i3 da i5 waɗanda ba su da harafin F a ƙarshen lambarsu, ta ishe ka, kuma siririn akwati zai riƙe ta. Idan kuwa gyaran bidiyo za ka yi, ko zanen gine-gine, ko wasanni masu nauyi, kada ma ka tsaya kallon sirara. Furosesa da katin hoto idan suka haɗu suna cin wat 300 ko fiye, duk wannan wutar zafi take komawa, kuma dole ta samu hanyar fita.

Ni a ganina, ga wanda yake zaune a ƙasa mai zafi, mai cikakken tsayi ya fi kwanciyar hankali ko da aikin ba mai nauyi ba ne. Gwaje-gwajen da kake gani a intanet galibi a ɗakin da bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba ake yin su. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu zafin waje yana haura digiri 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska yana iya kaiwa 35. Zafin furosesa kuwa bin zafin ɗaki yake yi kusan digiri da digiri. Wadda ta tsaya a 80 a wurin mai gwaji, a wurinka za ta doshi 95, kuma a kusa da nan ne furosesoshin zamani suke rage gudu da kansu don kada su lalace. Ka biya kuɗin mai sauri, ka samu mai jan ƙafa.

Girman madabod

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Girma uku ne a kasuwa. ATX, wanda Intel ta fito da shi a 1995, milimita 305 da 244 ne, yana da gurbin kati har 7. MicroATX milimita 244 da 244, gurbi har 4. Mini-ITX, wanda kamfanin VIA ya kawo a 2001, milimita 170 da 170, rami ɗaya tak. Ƙaramin madabod yana shiga babban akwati, domin hujin notinsu sun dace da juna, amma babba ba ya shiga ƙarami.

Ga akwati na kwance, microATX ya fi dacewa da yawancin mutane. Ya fi araha, ya fi samuwa, kuma idan ka saka shi a akwatin ATX sai ya bar maka fili a gefe inda wayoyi za su kwanta. Mini-ITX yana da kyan gani amma komai nasa da tsada yake zuwa, daga shi kansa har fawa-fak ɗin da akwatunansa ke nema.

Masanyayin furosesa

Kowane kamfani mai mutunci yana rubuta iyakar tsayin masanyayin da akwatinsa ke ɗauka. Idan ka nemi wannan lambar ba ka gani ba, ka bar akwatin, ko ka je da tef ka auna da kanka.

Shahararrun masanyaya masu tsayi, waɗanda ake sakawa a akwatunan tsaye, ba sa shiga. Hyper 212 na Cooler Master, alal misali, ya haura milimita 150, ko GD09 mai cikakken tsayi ba zai rufu a kansa ba. Abin da za ka nema shi ne masanyayi mai kwanciya, wanda fankarsa ke hura iska ƙasa zuwa kan madabod, ko kuma ɗan gajeren mai tsayuwa da ke amfani da fanka mai milimita 92. Noctua NH-L9i tsayinsa milimita 37 ne, NH-L12S kuma 70. Wanda Intel ke haɗowa da furosesoshinta masu hawa mazaunin da ake kira LGA1700 milimita 47 ne, Wraith Stealth na AMD kuma kusan 55. Ka ga ke nan a siririn akwati, sau da yawa wanda ya zo a cikin kwalin furosesar ma ya wadatar.

Kada ka sayi wanda ya cika iyakar cif. Fankar da ke hura ƙasa daga samanta take jan iska. Idan murfi ya manne mata kuma babu huji a daidai wurin, za ta yi ta ihu ba tare da ta ja komai ba. Ka bar mata aƙalla santimita 1, sai dai idan akwai raga a murfin daidai kanta. Ka kuma duba RAM ɗinka, wato siraran allunan ajiyar wucin gadi da ke tsaye kusa da furosesa: masu dogon ƙarfe da fitilu suna tokare masanyayi mai faɗi. Gajerun RAM marasa ado aiki ɗaya suke yi.

Katin hoto: awo uku ne, ba ɗaya ba

Kowa yana tuna tsawon kati. GD09 yana ɗaukar mai tsawon kusan milimita 309, Node 202 na Fractal Design kuma 310. Abin da ake mantawa shi ne tsayin katin da kaurinsa.

A akwati na kwance katin yana tsaye ne, bakinsa na sama yana kallon murfi. Ƙa'idar tsayin cikakken kati kusan milimita 111 ce, amma katunan zamani da yawa sun wuce haka nesa, wasu har 130 ko 140. Wani abin kuma, a wannan bakin na sama ne ramin wayar wutarsu yake. Wato sai ka lissafa tsayin kati, ka ɗora kan waya, ka ɗora lanƙwasarta, sannan murfi ya rufu. Sabuwar wayar nan mai fil 16 da manyan katunan Nvidia ke amfani da ita, masu ƙera ta suna ba da shawarar a bar mata kusan milimita 35 kafin a lanƙwasa ta. Danne ta da murfi hanya ce ta sa kanta ya ɗan zare, ya yi zafi, ya narke. Idan katin da kake so dogo ne ta sama, ka nemi wani samfurin na wannan lambar mai gajarta, don kamfanoni daban-daban suna fitar da kati ɗaya a jiki iri-iri.

Kauri kuma shi ne yawan gurbin da katin zai cinye a baya, biyu ko uku. A babban akwati ba damuwa, a ƙarami ka duba.

Siraran akwatuna irin ML03 gajeren kati kaɗai suke karɓa, wanda tsayinsa bai wuce kusan milimita 69 ba, kuma yana da gajeren ƙarfen baya. Akwai su: GTX 1650, RX 6400, RTX 3050 mai 6GB, duk ana samun gajerunsu, kuma yawancinsu ba sa buƙatar wata wayar wuta, wat 75 da ramin madabod ke bayarwa ya ishe su. Lokacin saye ka buɗe kwali ka tabbatar gajeren ƙarfen yana ciki. Na hannu sau da yawa an jefar da shi.

Akwai kashi na uku, irin Node 202 da Ridge na Fractal, waɗanda sirara ne amma suna ɗaukar cikakken kati ta hanyar kwantar da shi a ɗakinsa daban, a haɗa shi da madabod da wani ɗan allo na tsakani. Dabara ce mai kyau, amma Mini-ITX kaɗai suke ɗauka. Node 202 masanyayinsa ba ya wuce milimita 56, ba shi da wurin babban faifan ajiya, kuma idan aka kwantar da shi fankokin katin ƙasa suke kallo, tazara kaɗan ce tsakaninsu da tebur.

Fawa-fak, inda ya kamata ka yi dogon tunani

Mai saye a Turai yana zaɓar fawa-fak sau ɗaya ya manta da shi. Mu da wutarmu ke zuwa da ƙarfi ta tafi ba sallama, a kunna janareta, a sake dawo da ta gwamnati, fawa-fak yana cikin abubuwan da suka fi saurin mutuwa. Don haka tambayar da za ka yi wa kowane akwati ita ce: ranar da nasa ya ƙone, a ina zan samu wani?

Na gama-gari shi ne ATX, mai faɗin milimita 150, tsayi 86, tsawo daga 140 zuwa sama. Wannan za ka same shi a titin Beirut a Kano, a Banex a Abuja, a Computer Village ta Ikeja, da kusan duk shagon da ake gyaran kwamfuta. Sauran ƙanana ne: SFX mai 125 da 63.5 da 100, TFX dogo siriri mai tsawon 175, da Flex ATX wanda ya fi su ƙanƙanta. Waɗannan samun mai kyau a cikinsu aiki ne, sau da yawa sai an yi odarsa daga waje, kwamfutarka tana zaune makonni. Kuma ƙaramin jiki ƙaramar fanka yake ɗauka, ƙaramar fanka kuwa sai ta yi gudu sosai kafin ta yi aiki, shi ya sa suka fi ƙara.

Shawarata ita ce ka fifita akwatin da ke ɗaukar fawa-fak na ATX. Ko a cikin sirara akwai su, ML03 ɗin nan ma haka yake. Sai dai ka duba tsawon da aka yarda da shi, domin a akwatunan kwance da yawa fawa-fak da wurin saka na'urar DVD baya da baya suke, idan ɗaya ya yi tsawo sai ɗayan ya rasa inda wayarsa za ta fita. Mai tsawon 140 ya fi aminci. Wanda wayoyinsa ke cirewa yana rage cunkoso, amma kawunan wayoyin suna ƙara masa tsawo kusan santimita 2, ka saka wannan a lissafi.

Akwatin da ya zo da fawa-fak a ciki kuma kuɗinsa ya yi sauƙi ƙwarai, ka yi masa kallon tsanaki. Araha ba ta ado. Ka ɗauke shi a hannu: wanda ba shi da nauyi, ba shi da sunan kamfani sananne, an rubuta masa wat 500 ko 600 a jiki, da wuya ya ba da abin da aka rubuta. Gara ka sayi akwati fanko ka sa masa naka. Idan kuma tsohon fawa-fak ne da ya shigo daga Amurka, ka leƙa bayansa ko akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutar Nijeriya da Nijar ta wajen 230 ce. Wanda aka bari a 115 aka jona, ƙara ɗaya zai yi.

Iska da ƙura

A akwati na tsaye iska daga gaba take shiga ta fita ta baya da sama. A na kwance gaban yawanci a toshe yake don ado, sai iskar ta shiga ta gefe ta fita ta baya ko ta ɗaya gefen. Ka buɗe murfi ka bi hanyar da idonka: daga ina za ta shiga, me za ta wuce ta kai, ta ina za ta fita? Idan ka ga katin hoto ya tsaya a tsakiya ya raba akwatin biyu, to kowane ɓangare yana buƙatar fankarsa, ɗaya ta gefen furosesa, ɗaya ta gefen kati.

Girman fanka yana da muhimmanci. Mai milimita 120 tana tura iskar da mai 80 za ta tura ba tare da ta yi rabin ihunta ba. Masu cikakken tsayi suna ɗaukar 120 a gefe, sirara kuwa 80 kawai tsayinsu ke bari. Ga kwamfutar falo da za a yi kallo a kusa da ita da dare, wannan bambancin kunne zai ji shi.

Sai ƙura, wadda mu ba sai an ba mu labarinta ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana shigo da ita ta kowace kafa, ta kwanta a tsakanin haƙoran masanyayi ta toshe su, sai bazara ta zo ta tarar da kwamfuta ba ta numfashi. Dabarar ita ce iskar da fankoki ke turawa ciki ta fi wadda suke zuƙowa waje yawa, kuma duk mai turawa ciki ta kasance da raga mai tace ƙura a gabanta. Idan haka ta samu, rarar iskar za ta riƙa fita ta ƙananan kafofi, ƙura ba za ta samu shiga ta nan ba. Idan aka yi akasin haka, akwatin zai riƙa zuƙar iska ta kowane huji marar raga. Fanka biyu masu shigarwa da ɗaya mai fitarwa, ko ma babu mai fitarwar, tsari ne mai kyau.

Ka duba yadda ragar ke fita. Wadda ake zarewa daga waje ba tare da an kwance noti ba, za ka riƙa wanke ta. Wadda sai an janyo kwamfuta daga kanta an buɗe murfi, gaskiya ba za ka yi ba. Idan akwatin bai zo da raga ba, ana sayar da masu maganaɗisu da ake mannawa a jikin ƙarfe. Hujin da ke saman murfi shi ma ka lura da shi, domin ko kwamfuta a kashe take ƙura tana sauka ta nan, kuma nan ne kofin shayi ke zubewa.

Wurin ajiya da ramukan gaba

SSD, wato ma'ajin bayanai marar faifai mai juyawa, idan ɗan siririn nan ne irin M.2, a jikin madabod yake kwanciya, ba ya neman komai daga akwati. Mai inci 2.5 ko'ina ana iya ɗaure shi. Babban faifai mai juyawa, mai inci 3.5, shi ne ke buƙatar gurbi, kuma a wasu akwatunan saka shi yana rage tsawon katin hoto ko ya hana saka fanka. Idan kana tara bidiyon biki ko karatuttuka masu yawa, ƙirga gurbin tun yanzu. Mai shagon da har yanzu ake kawo masa faifan CD ya tabbatar akwai gurbin inci 5.25.

Ramukan gaba kuma, ka tabbatar wayarsu ta dace da madabod ɗinka. USB 3.0 yana da faffaɗan kai mai fil 19, kuma wayarsa tana da tauri, a siririn akwati takan tokari murfi. Ramin USB-C na gaba yana buƙatar nasa mazaunin daban a madabod, wanda masu araha da yawa ba su da shi.

Tsofaffin akwatunan ofis

Kasuwanninmu cike suke da Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre na hannu, masu kwanciya, masu ƙarfe mai kauri, kuma kuɗinsu ba yawa. Dole mutum ya yi tunanin ya sayi matacciya ya kwashe cikinta ya zuba nasa kayan. Yawanci ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Da yawansu, musamman na shekarun baya-bayan nan, madabod ɗinsu ba ya bin ƙa'idar ATX, hujin noti ba sa haɗuwa, bayan akwatin a yanke yake daidai da ramukan nasu madabod ɗin, ramukan gaba a jikin madabod suke, fawa-fak ɗin kuma wayarsa mai fil 6 ko 8 ce maimakon 24 da kowa ke amfani da ita. Kafin ka gama yanka da huji da neman wayoyin canji, ka kashe abin da ya kai kuɗin sabon akwati.

Idan irin wannan jikin kake so, sayi mai rai gaba ɗaya, ka ƙara mata RAM da SSD da gajeren katin hoto marar cin wuta. Wannan hanya ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi. Amma idan sabon madabod ke hannunka, nemi akwatin da aka yi don haɗin kai.

A gaban mai shago

Ka tafi da takardar awonka da tef. Ka ce a buɗe murfi. Ka auna daga kan turakun tagullan da madabod ke zama a kansu zuwa murfi, ka cire kusan santimita 1 na kaurin madabod da furosesa, abin da ya rage shi ne wurin masanyayinka. Ka danna tsakiyar murfin da tafin hannu ka ji ko yana lotsawa. Ka shafa gefunan ƙarfen ciki a hankali, domin marasa kyau suna da kaifin da ke yanka hannu da waya. Ka juya shi ka ga ƙafafunsa: na roba masu ɗan tsayi suna rage girgiza, kuma dole ne idan fawa-fak ta ƙasa yake shan iska. Ka danna makunni ka ji yana dawowa. Ka ƙirga ledar notuna da turaku, musamman idan akwatin na hannu ne.

Idan oda za ka yi daga waje, ka tuna akwati fanko ba shi da nauyi sosai amma kwalinsa babba ne, kuma masu jigila da yawa da girman kwali suke lissafi. Ka tambayi kuɗin kawowa kafin ka biya, don yakan kusa kamo kuɗin kayan. Ka kuma sauke littafin bayanin akwatin daga shafin kamfanin ka karanta, a nan ake rubuta cewa saka abu kaza yana hana saka abu kaza.

Haɗawa da gwaji

Wuri a matse yake, don haka jerin aiki yana da tasiri. Ka saka furosesa da RAM da M.2 da masanyayi tun madabod yana waje, domin akwatunan kwance da yawa ba su da tagar da za ka kai hannu ta ƙarƙashinsa. Ka jera turakun tagulla daidai da hujin madabod ɗinka, ka kwance duk wanda ya rage babu huji a kansa, don yana iya taɓa ƙasan madabod ya haɗa wuta. Ka manna ƙarfen ramukan baya kafin madabod ya shiga. Wayar wutar furosesa mai fil 8, wadda take can lungu, ka jona ta kafin ka ɗaure komai a kusa da ita. Katin hoto shi ne na ƙarshe. Babu bayan fage da za ka ɓoye wayoyi kamar a akwati na tsaye, sai ka tattara su ka ɗaure a gefen da ba hanyar iska ba, ka tabbatar babu wadda za ta faɗa cikin fanka idan murfi ya danne ta.

Gwajin kuma ka yi shi da murfi a rufe, kwamfuta tana ainihin inda za ta zauna, da rana tsaka ba da asuba ba. Ka buɗe manhajar HWiNFO don ganin zafi, ka sa manhajar gwajin furosesa ta Cinebench ko aikin da ka saba yi mafi nauyi ya yi minti 20 zuwa 30. Idan furosesa ta tsaya ƙasa da digiri 85, ka samu. Idan tana taɓa 95, buɗe murfin ka sake gwadawa. Zafin ya faɗi sosai? To iska ce ba ta zagayawa, ka ƙara fanka mai shigarwa ko ka buɗe bayan kabad. Bai canja ba? To masanyayin ne ya yi kaɗan ko bai zauna daidai ba. Kafin ka sayi wani, shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka rage iyakar wutar furosesar, a AMD akwai Eco Mode don haka, saurin da za ka rasa kaɗan ne a kan zafin da zai ragu.

A lokacin hunturu ka riƙa zare raga kana kakkaɓewa duk mako biyu, cikin akwatin kuma ka hure shi kafin bazara ta shigo. Ka cire wayar wuta, ka fita da shi waje, ka riƙe fuka-fukan fanka da yatsa yayin da kake hurawa don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Ka yi amfani da ƙaramar bulowa ta lantarki, ba iskar mai faci ba, domin tankinsa yakan tara ruwa da mai.